Sakan Goma Sha Ɗaya a Kasuwar 'Yan Kaba

Wata rana bayan la'asar na biya shagon abokina Nafi'u, mai tura wa mutane fina-finai a waya.

Ba fim na je karɓa ba. Hira ce ta kai ni.

Na tarar shagon ya kaure da musu.

A kan wani fim ne mai dogon zango da aka daɗe ana magana a kansa. Ba zan kama suna ba. Labarin wani mutum ne da yake bin mutane yana kashewa ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda ya kashe sai ya jera masa takalmansa a bakin ƙofa. Wani ɗan sanda kuma yana ta farautarsa har kashi goma sha biyu.

Wani mai adaidaita sahu ne yake kan magana lokacin da na shiga.

Ya ce, "Ni tun a kashi na uku na gane makashin. Direban ɗan sandan ne. Duk wanda ya cika ladabi a fim, ka sa masa ido."

Wata malamar makaranta da take jiran a gama tura mata nata ta girgiza kai.

Ta ce, "Ni ba wannan ne ya dame ni ba. Mutum ya kashe rai tara, a ƙarshe a kawo mana labarin wahalar da ya sha yana yaro, a sa mana kiɗan tausayi. Waɗanda ya kashe fa? Su ba 'ya'yan mutane ba ne?"

Mai adaidaita ya ce, "Amma dai ya iya wasa, Malama."

Ta ce, "Ya iya har ya wuce gona da iri. Ƙanwata sati guda ba ta bar takalminta a bakin ƙofa ba."

Aka yi dariya.

Nafi'u ya ɗago daga kan kwamfutarsa ya nuna ni.

Ya ce, "Ku yi shiru, ga mai sharhin ya zo. Shi ne wanda ya sa aka gyara fim ɗin."

Bari in yi muku bayanin wannan magana, don ita ce tushen labarin.

Waɗanda suka daɗe suna bin shafina sun san ina rubuta ra'ayina a kan fina-finai. Lokacin da kashi na biyar ya fito, akwai wani wuri da ɗan sandan yake bin wanda yake zargi a cikin kasuwar 'Yan Kaba. Kusan minti shida. Babu magana, babu faɗa, babu komai. Tafiya kawai tsakanin kwandunan tumatir da buhunan albasa.

Na zauna na rubuta dogon sharhi. Na ce wurin ɓata lokaci ne, ɓata data ne. Na ce a yanke shi a huta.

Rubutun ya zagaya sosai. Dubban mutane suka goyi bayana.

Bayan fim ɗin ya ƙare, masu shi suka sauke tsofaffin kashi-kashin daga Yutub, suka ɗora sabon gyara. Suka ce sun saurari ra'ayin masu kallo. Wurin kasuwar ya koma ƙasa da minti ɗaya.

Ranar na ji kaina ya yi girma. Har hoton sanarwar na ɗauka na sa a shafina.

To, a wannan yammacin ma na gyara tsayuwa na fara maimaita musu hujjojina.

Duk wannan surutun da muke yi, akwai wani dattijo zaune a ƙarshen benci.

Zai kai shekara sittin da biyar. Farin gemu, wankakkiyar riga, hula ta ɗan koɗe. Bai sa mana baki ba ko sau ɗaya. Yana riƙe da sandarsa da hannu biyu, idonsa a kan kwamfutar Nafi'u.

Nafi'u ya zare waya daga jikin kwamfutar ya miƙa masa. Sabuwar waya ce, ko ledar fuskarta ba a ɓare ba.

Ya ce, "Baba, ga shi. Kashi na biyar kawai ka ce, ko?"

Dattijon ya karɓa da hannu biyu.

Na yi mamaki. Wa yake karɓar kashi na biyar kawai a fim ɗin kisa?

Ya sa babban yatsa ya ja fim ɗin gaba. Ya tsaya. Ya dawo da shi baya. Ya sake ja. A hankali yake yi, irin na wanda aka koya wa abin da girmansa.

Sai ya kife wayar a cinyarsa.

Ya ce, "Ɗana, wannan ma ba shi ba ne."

Nafi'u ya ce, "Shi ne, Baba. Kashi na biyar."

"Na sani. Amma babu wurin. Shagonka ne na bakwai. Duk inda na je, wannan guntun suke ba ni."

"Wane wuri kake nema?"

"Wurin kasuwa."

Mai adaidaita ya kwashe da dariya ya ce, "Baba, ai wurin ne ya fi ko'ina gundura."

Dattijon bai ji haushi ba. Ya dube shi, ya yi ɗan murmushi.

Ya ce, "Mai ɗakina tana ciki."



Malamar ta ce, "'Yar fim ce, Baba?"

Ya ce, "A'a. Cefane ta je."

Ya ɗan numfasa, sannan ya ba mu labarin. Da sanyin murya ya bayar, ba ya kallon kowa.

Sunanta Azumi. Shekararsu talatin da takwas tare. Shi direban babbar mota ne, ya yi ta zirga-zirga tsakanin Kano da Kudu har gwiwarsa ta ƙi. Ya ce in aka tattara kwanakin da ya yi a gida a shekarun nan, da ƙyar su kai kashi ɗaya cikin uku. Da ya ajiye tuƙi, ya ce mata yanzu ne za su zauna.

Shekara biyu kawai suka samu.

Ya ce ita mace ce da ba ta son hoto. Ko a biki aka ɗaga waya, sai ta ja mayafi ta juya baya. Hotonta ɗaya ne a gidan, na katin shaida, kuma a ciki ta ɗaure fuska kamar an yi mata laifi.

"Alhali ba haka take ba," in ji shi. "Ko kaɗan ba haka take ba."

Wata biyar bayan rasuwarta, 'yarsu Sa'ade tana kallon fim ɗin a tsakar gida. Sai ta miƙe tsaye da wayar a hannunta.

Ta ce, "Baba, zo ka ga Inna."

Ashe ranar da aka ɗauki wurin kasuwar, Azumi ta je sayen kayan miya. Ba ta ma san ana ɗauka ba. Ɗan sandan fim ya wuce ta gabanta, kyamarar ta ɗan tsaya a kan layin masu tumatir, ga ta nan tsaye da kwandonta.

Sakan goma sha ɗaya.

Ya ce, "Har muryarta ana ji. Tana ce wa mai tumatir, 'Yi min gyara mana, ɗan nan.' Sai ta yi dariya. Sai ta juyo kamar ni take kallo."

Washegari ya je aka tura masa kashin a tsohuwar wayarsa. Ya ce kullum in ya karya kumallo sai ya kalla. In ya dawo daga azahar ya kalla. Bai taɓa ganin farkon fim ɗin ba, bai taɓa ganin ƙarshensa ba. Bai ma san wa ake kashewa ba.

Sati uku kafin ranar da muka haɗu, yana alwala wayar ta zame daga aljihunsa ta faɗa cikin bokiti. Wayar ta mutu, mimorin ma ya mutu. Sa'ade kuwa a Yutub ta kalla, ba ta ajiye ba.

Ya ce, "Ta saya min wannan sabuwar. Muka duba, muka ga an taɓa fim ɗin. Wai mutane sun ce wurin ya yi tsawo."



Nafi'u ya sunkuyar da kai kan kwamfutarsa. Mai adaidaita ya koma kallon titi. Babu wanda ya dube ni, amma kowa ya san inda maganar ta faɗo.

Zan iya yin shiru. Hankalinsa ba ya kan musunmu ɗazu, da ba zai taɓa sani ba.

Na matsa na tsuguna a gabansa.

Na ce, "Baba, ni ne na rubuta cewa a yanke wurin."

Ya dube ni na ɗan lokaci.

Ya ce, "Gaskiyarka, ɗana. Wurin ya yi tsawo."

Ya juya wayar a hannunsa.

"Ni dai da sun ƙara min ko sakan biyar ne."



Malamar ta ja gefen mayafinta ta goge ido. Nafi'u ya ce wallahi da yana da tsohon, amma da sabon ya fito sai ya goge don ya samu wuri. Haka kowane shago ya yi.

Dattijon ya dogara da sandarsa ya miƙe. Ya yi mana godiya ɗaya bayan ɗaya, har da ni.

Na bi shi waje na karɓi lambarsa. Na ce zan nemo masa.

Ya ce, "Allah Ya yi maka albarka. Amma kada ka takura kanka."

Daga yadda ya faɗa na gane bai sa rai ba.

Na fara da masu fim ɗin. Na tura saƙo, na samu lambar wani daga cikinsu na kira. Ya saurare ni da mutunci. Ya ce wanda ya yi aikin tacewar ya yi tafiya, kuma ba shi da tabbas ko an ajiye tsohon. Ya ce zai bincika.

Na jira kwana biyu. Shiru.

Sai na rubuta a shafina. Ban ba da labarin dattijon ba, don ban nemi izininsa ba tukuna. Na ce kawai ina neman tsohon kashi na biyar, wanda ba a yanke ba, kuma abin yana da muhimmanci.

Kun san abin da ya faru?

Musu ya sake ɓarkewa.

Wani ya ce ai ni ne na sa aka yanke, yanzu kuma me nake nema. Wata ta ce dama tsohon ya fi, sabon ya yi sauri da yawa. Wani ya rubuta sakin layi uku a kan cewa irin wannan fim yana koya wa matasa kisa. Wani ya ba shi amsa cewa fim ba ya koya wa kowa abin da babu shi a zuciyarsa. Sama da mutum ɗari shida suka yi magana.

Babu wanda yake da shi.

Waɗanda suka ce suna da shi, in sun turo sai in ga guntun ne.

A kwanakin nan na kan tsinci kaina ina tunanin wata mata da ban taɓa gani ba. Ina tuƙi, ina cin abinci, sai in ji ina ƙoƙarin tuna wurin kasuwar. Na kalle shi sau biyu lokacin da nake rubuta sharhin. Na tuna kwanduna, na tuna ɗan sandan, na tuna haushin da nake ji.

Ita ban tuna ta ba. Ta wuce ta gaban idona sau biyu, ina ƙirga mintuna.

A rana ta shida saƙo ya shigo daga wata mata a Nguru, mai suna Hajiya Furera.

Ta rubuta: "Ɗan'uwa, ina jin ina da shi. Ni ba na goge komai, yarana har faɗa suke yi min. Amma sabis ɗinmu ba zai iya tura shi ba."

Na kira ta. Wannan karon na faɗi dalilin.



Sai ta ce, "Nawa maigidan shekara huɗu ke nan da rasuwa. Ni ko sakan ɗaya ba ni da shi."

Washegari da safe ta cire mimorin wayarta ɗungurungum, da duk abin da yake ciki, ta naɗe a takarda, ta sa a ambulan, ta ba direban motar Kano. Ta ce in mun gama a mayar mata.

Na je tasha da kaina na karɓo.

Na kira dattijon. Na ce ya same ni a shagon Nafi'u bayan azahar. Ban yi masa alkawarin komai ba, don ni ma ban buɗe ba. Na ji tsoro.

Ya zo da Sa'ade. Matar aure ce mai 'ya'ya uku, amma ranar tana riƙe da hannun rigarsa.

Nafi'u ya sallami waɗanda suke shagon, ya ja wa dattijon da Sa'ade kujeru biyu. Ya ce ba a waya za a kalla ba. Ya juyo musu da babban allon kwamfutarsa, ya ƙara sauti.

Ya ja fim ɗin zuwa kasuwa.

Ɗan sandan yana tafiya. Buhunan albasa. Masu baro. Minti ɗaya ya wuce, bai yanke ba. Minti biyu. Minti uku.

Dattijon ya ce, "Bayan mai jar hular nan."

Mai jar hula ya wuce.

Ga ta.

Doguwa ce, da mayafi ruwan ƙasa da atamfa mai ganye. Kwando a hannun hagu.

"Yi min gyara mana, ɗan nan."

Ta yi dariya. Ta juyo.

Sa'ade ta rufe bakinta da hannu biyu.

Dattijon bai motsa ba. Ya ce, "Sake."

Nafi'u ya sake.

"Sake, amma a hankali in zai yiwu."

Nafi'u ya rage saurin hoton.

Sai dattijon ya matsa gaba har fuskarsa ta kusa taɓa allon.

Ya ce, "Sa'ade, dubi hannunta na dama."

Muka duba.

A ƙarƙashin mayafi, ta dafe gefen cikinta. Tana dariya, amma hannun yana danne wurin. Da ta juyo ma bai sauka ba.

Ya ce, "A ƙaramar wayata ban taɓa ganin wannan ba."

Ya koma ya jingina da kujera.

"Ashe tun lokacin ciwon yake cin ta. Wata huɗu kafin ta kwanta. Kullum in na tambaye ta sai ta ce lafiya lau."

Sa'ade ta ce, "Ta hana ni faɗa maka, Baba. Ta ce ka gama wahalar hanya, a bar ka ka huta."



 Hoton yana tsaye a allon, tana kallonmu.

Daga ƙarshe dattijon ya ɗaga hannu ya goge gemunsa da ya jiƙe.

Ya ce wa allon, ba mu ba, "Kin kyauta, Azumi. Amma da kin faɗa min, da ni zan riƙa zuwa miki kasuwar."

Nafi'u ya tashi ya fita waje, wai zai duba janareta. Akwai wuta.

Ranar mun yanko masa wurin shi kaɗai. Muka sa a wayarsa, muka sa a ta Sa'ade, muka tura wa sauran 'ya'yansa biyu da suke wani gari. Nafi'u ya ajiye a kwamfutarsa, ya rubuta a kai cewa kada a goge.

Da za su tafi na tambaye shi ko zan iya ba ku labarin.

Ya ce, "Ka bayar. Amma ka roƙar mata addu'a. Ita da maigidan baiwar Allah ta Nguru."

Don haka ina roƙonku. Allah Ya jiƙan Azumi, Ya jiƙan maigidan Hajiya Furera, Ya jiƙan namu da naku.

Har yau ina rubuta sharhi. Ban daina faɗin ra'ayina ba, kuma ba na jin ya kamata kowa ya daina. Amma yanzu in wani wuri ya gundure ni a fim, kafin in ɗauki waya in fara rubutu, sai in duba mutanen da suke wucewa a baya.

A ranar, da na bar shagon Nafi'u, gidan mahaifiyata na wuce. Na same ta tana tsince shinkafa a tsakar gida. Na ɗaga waya.

Ta ce, "Kai, sauke abin nan, ko ɗankwalin kirki babu a kaina."

Ban sauke ba. Na samu minti huɗu tana yi min faɗa.

Darasi:

Abin da ka kalla ka yi tsaki, wataƙila shi ne kaɗai abin da ya rage wa wani a duniya. Ka faɗi ra'ayinka, amma ka faɗe shi da sanin cewa ba kai kaɗai kake kallo ba.

Kuma in kana da wanda kake so a raye, kada ka jira biki ko Sallah. Ka ɗauke shi yana tafiya, yana dariya, yana mita, yana abin da ya saba yi kullum. In ya ce maka lafiya lau, ka dubi hannunsa.

Tura wannan ga wanda ka san mahaifiyarsa ko mahaifinsa, matarsa ko mijinta, suna nan da rai. Ka tura masa yau, tun suna tsakar gida.